Kwalbar Italiya da Kunyar Surukina

Bari in fara gabatar da takarduna, kada wani ya ce tsoho ya shiga fagen da ba nasa ba. A boko na tsaya aji huɗu na elemantare, kuma ba ni na bar makarantar ba, ita ce ta gaji da ni. Amma a fannin abin sha na yi karatu mai zurfi. Na yi aikin reluwe a Kafanchan tun ina saurayi har kaina ya yi fari, ina shafa wa ƙafafun jirgi giris, kuma duk tashar da jirgi ke tsayawa na san gidan da ake dafa burukutu mai kyau a bayanta. Cocinmu ba ta hana ba, cewa ta yi kada a bugu, ni kuwa mutum ne mai bin doka gwargwadon hali. Saboda haka in na ce zan yi magana a kan jar giyar Italiya, a gyara zama.

Ido ne ya kai ni Doha, a shekarun da suke ta haƙe garin za su sa jirgin ƙasa a ƙarƙashinsa. Yanar ido ce ta rufe min su duka biyu, har na kai in na hangi mutum sai ya yi magana nake sanin ba kututture ba ne. Autata tana aikin nas a can, ita da mijinta, sai ta aiko da tikiti ta ce in zo a kankare min. Tsohuwata, uwar autar, ta ce ita ba za ta bar awakinta da gonar citta don ta raka wani ƙato asibiti ba, na tafi ni kaɗai. Likita ya duba ya ce ɗaya bayan ɗaya ake yi: a fara da na dama, in ya warke sarai a koma kan na hagu. Wato zama ya kama ni, ba na kwana biyu ba.

Suna zaune a unguwar Tsohon Filin Jirgi, a saman bene. Ɗakuna biyu, falo ɗaya, da kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Mijin nata Injiniya nake ce masa, ko da yake ya sha aiko Auta ta gaya min shi mai gyaran esin sanyaya ɗaki ne kawai a wani kamfani. Ni a wurina duk wanda ya riƙe sufana kuma ake biyansa ƙarshen wata, injiniya ne. Bahaushe ne daga ƙauyukan kudancin Kano, Kirista kamar mu, ɗan irin gidajen nan da suka karɓi Littafi da hannu biyu amma ba su saki al'adar kakanni ko guda ba. In ya dawo aiki yakan durƙusa tun daga bakin ƙofa, ya gaishe ni yana kallon tayil, kamar a can aka rubuta gaisuwar.

Duk lokacin da aka kawo abinci nakan ce, "Injiniya, matso mu sa albarka."

Shi kuwa amsarsa ɗaya ce. "Na ci a wurin aiki, Baba."

Na yarda. Har nakan yabi kamfanin nasu, in ce wannan ai ba kamfani ba ne, uwa ce.

Ranar da aka cire min bandejin idon dama, muna dawowa gida na nufi taga, don in ga garin da na daɗe ina jin ƙararsa. Tsakar rana ce, lokacin da zafi ke korar ma'aikata daga waje. Na ga farin bango ya koma fari, na ga wayoyi, na ga dabino a bakin titi da ganyensa ɗaya ɗaya. Sai na sauke ido ƙasa. Ga mota a tsaye inji yana aiki, ga surukina a ciki ya sunkuyar da kai, kula a bisa cinya, yana jefa loma yana waiwaye kamar wanda ya sato.

Na sami Auta a kicin.

"Auta, laifin me mijinki ya yi?"

"Wane laifi kuma, Baba?"

"To me ya sa ake ba shi abinci a mota kamar wanda ake tsare da shi?"

Ta ajiye ludayi ta yi dariya, irin dariyar wanda ya gaji. "Ashe idon ya fara aiki. Baba, tun ranar da ka sauka bai sa loma a gidan nan ba. A matakala nake miƙa masa kula. Na yi magana har bakina ya bushe, ya ce a gidansu ba a taɓa yi ba, mutum ya tauna a gaban surukinsa. Ko ruwa ne sai ya shige ɗaki ya rufo ƙofa."

Na san al'adar, mu ma muna da irinta, sai dai tamu ba ta kai haka tauri ba. A gida abin bai da wuya. Suruki ya zo ya kwana ɗaya ko biyu ya tafi, kuma akwai zaure, akwai bayan rumbu, akwai gidan aboki. Waɗanda suka kafa dokar ba su san za a yi zamanin da za a rataye gida a sama ba, falo ɗaya, tebur ɗaya, da surukin da ya zo ya shimfiɗa tabarmar zama. Mutum ne ke biyan haya, ya sayo shinkafa da nama, sa'an nan ni in zauna a kujerarsa cikin sanyi ina suɗe yatsu, shi yana ƙasa yana ci da hayaƙin mota. Daga ranar tuwo ya daina yi min daɗi.

Na gwada dabaruna. Na ce masa kai tsaye na yafe, ni ne mai hakkin kuma na yafe. Ya ce, "Na gode, Baba," ya kuma ƙara sunkuyawa, washegari ya koma mota. Na gwada shigewa ɗaki lokacin abinci ina jan minshari, Auta ta ce in daina wahalar da maƙogwarona, ya san minsharina na gaskiya, wannan bai kama ƙafarsa ba. Na gwada fita yawo don in bar masa gidan. Ban kai kantin Ba'indiyen da ke kusurwa ba sai da rigata ta jiƙe ta manne, iska tana dukana kamar an buɗe ƙofar tukunyar jirgi. Injiniya ne ma ya tsinto ni, ya bar abincinsa ya rako ni sama yana ba ni haƙuri, kamar shi ya kunna ranar.

Sai na yanke hukunci. Na ce wa Auta ta nemo min kujera a jirgi, gida zan koma.

"Da ido ɗaya?"

"Ya ishe ni ƙirga awakin uwarki. An ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho, ni kuwa makahon nan na zauna a cikin rigarsa, na san shi."

"Baba, in ka tafi ba a yi na hagun ba, wa zai sake samo maka biza? Ka san wahalar da muka sha?"

"Na sani. Amma ba zan gyara idona da cikin ɗan mutane ba. Kin ga yadda wandonsa ke zamewa kuwa?"

Ta yi fushi, ta yi kuka kaɗan, ta ce ni da shi duk kanmu ɗaya ne, dutse. Na roƙe ta abu guda, kada ta gaya masa dalili, don in ya ji saboda shi zan tafi, kunyar za ta kwantar da shi. Ni ma ba son tafiyar nake ba. Wanda ya ɗanɗana gani da ido ɗaya ya san abin da yake bari.

To shi Injiniya da ya ji zan tafi, sai ya yi nasa lissafin, ya ce kewar gida ce. Ya tambayi matarsa me Baba ya fi kewa. Ita kuma cikin haushina ta ce, "Me zai yi kewa in ba burukutunsa ba?" Bawan Allah ya ɗauki maganar da gaske.

A garin nan ba a sayar da giya a kanti kamar sabulu. Wuri ɗaya ne tak, can gefen gari, kuma sai mai katin izini ke shiga. Katin ma sai kafil ɗinka, wato wanda kake aiki a ƙarƙashinsa, ya rubuta maka takarda. In ka saya ka ɓoye a but ɗin mota, ka miƙe gida ba tsayawa, ka sha a cikin ɗakinka. Yaron da ko a bikin aurensa lemo ya sha, shi ne ya je ya tsaya gaban manajansa yana neman takardar sayen giya. Daga baya Auta ta ce min kwana ya yi yana haddace abin da zai faɗa.

Wata Juma'a, don a can Juma'a ake zuwa coci, mun dawo sujada Auta ta tuƙa tuwon semo da miyar kuɓewa busasshiya, ta soya naman rago da yaji. An jera a tebur. Ina jiran in ji "na ci a wurin aiki" ko ɗan'uwansa na ranar hutu, "na ci a coci", sai na ga ya shiga ɗaki ya fito da jakar kayan aikinsa. Ya durƙusa a gabana, ya zuge, ya fito da wani abu naɗe da tawul kamar jariri.

"Baba, ba a samun ta gida a nan. Wannan ce aka ce ta fi kusa."

Kwalba ce doguwa, baƙa-baƙa, da hoton wani gida a kan tudu da itatuwa sirara a tsaye kamar 'yan sanda. Na sa tabarau na karanta da sabon idona. Kalma ɗaya na gane, Italiya.

"Wa ya ce ta fi kusa?"

"Wani abokin aikinmu, Baba. Ya ce ita talakawan can ke sha da abinci."

"A layin ƙasa ya ɗauko," in ji Auta daga kicin. "Inda ake jera masu arha."

"Madalla," na ce. "Giyar talaka ita ce giya. Ta masu kuɗi kwalba ake saye."

Sai aka zo buɗewa. Ba marfi gare ta ba, an toshe bakin da wani abu mai laushi kamar totuwar masara, an tura shi ciki can. Babu abin cirewa a gidan. Injiniya ya dubi toshiyar ta sama, ya dube ta ta gefe, ya ɗauko sukuru ya murɗa a ciki da sukundireba, ya kama da filaya ya ja a hankali har ta fito da 'yar ƙara. Na ce wa Auta ta shaida, daga yau kada wanda ya sake ce min mutumin nan ba injiniya ba ne.

Ta kawo kofin gilashi. Na ce a mayar, ba magani zan sha ba. Ƙoƙo nake so. Babu ƙoƙo a Doha, aka sasanta a kan wani ƙaramin kwanon sha na silba. Ta ce rabi kawai, saboda ido bai gama warkewa ba, kuma ita ce nas a gidan. Na so in ɗiga wa ƙasa nata kaso kamar yadda muka tarar ana yi, Auta ta nuna min kafet da ido, na fasa.

Injiniya ya zuba, ya miƙo da hannu biyu, ya fara ja da baya zai gudu. A nan ne abin ya faɗo min, ban shirya shi ba, rantsuwa ba kyau amma da na rantse. Hannuna ne ya ƙi karɓa, don shekara da shekaru bai taɓa karɓar ƙoƙon da ba a kurɓa ba.

"Tsaya, Injiniya. A garinku haka ake yi?"

"Yaya, Baba?"

"A kawo wa babba abin sha, a miƙa masa, a juya? Wa ke fara sa baki?"

Ya sani, don kakanninsa sun fi nawa sanin tulu. Daga ƙasarmu har tasu, wanda ya kawo shi ke fara kurɓa a gaban mai sha, don a san ba a sa komai a ciki ba. Ko uwarka ce ta dafa, sai ta kurɓa.

"Wanda ya kawo, Baba," ya faɗa a hankali.

"To wa ya kawo?"

Ya dubi matarsa. Ta harɗe hannu ta jingina da ƙofar kicin. "Kada ka dube ni, maigida. Ni ban je ko'ina ba, kuma ina da aikin dare."

"Baba, bari in shiga ciki in kurɓa in dawo."

"In ka kurɓa a ciki, bango ka wanke wa zuciya, ba ni ba."

"To in juya baya."

"Ƙeya ba ta haɗiya. Maƙogwaro nake so in gani ya motsa. Kai ka ɗauko abu daga ƙasar da ban taɓa zuwa ba, mutanen da ban san iyayensu ba suka dafa, aka toshe da totuwa, kuma kana so in sha haka nan? Ni tsoho ne mai awaki, akwai masu jiran gado."

Auta ta toshe baki da gyale. Shi kuwa gumi ya keto masa duk da esin da shi ya gyara da hannunsa. Na tausaya masa ƙwarai, amma ban sassauta ba. Dokoki biyu ne suka kama shi, duka na kakanninsa. In ya sha, ya sha a gaban suruki. In ya ƙi, ya miƙa wa suruki abin da shi kansa bai yarda da shi ba, wannan kuwa ya fi muni nesa, ko a wane ƙauye aka kai ƙarar.

Ya daɗe a durƙushe da kwano a hannu. Can ya rufe ido ya kai baki. Na ga maƙogwaro ya hau ya sauka. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka.

"Yaya?"

"Lafiya lau, Baba," ya ce da wata murya da ba tasa ba.

Na karɓa. Yanzu ga hukuncin masani, a rubuta. Launinta na zoɓo ne da aka dafa da yawa. Ƙanshinta kamar an buɗe tsohon akwatin katako da aka taɓa ajiye 'ya'yan itace a ciki. Kurɓar farko tsami ne, kamar tsamiyar da aka jiƙa aka manta ba a sa sukari ba. Yana wucewa sai bauri ya biyo, irin na ɗanyar kanya, ya kama harshe da dasashi ya ɗaure, har na ji haƙorana sun yi gashi. Burukutu abinci ce, tana da kauri, tana zama a ciki kamar kunu. Wannan ba ta da jiki ko kaɗan, ruwa ce tsararo, amma tana sauka sai na ji wani ɗumi ya bi ƙirji a hankali kamar an shimfiɗa bargo. Na ce a raina mutanen nan ba wawaye ba ne, akwai abin da suke nufi, ban dai kamo shi ba tukuna.

"An ce da nama ake sha," in ji Auta.

Na ɗauki tsoka ɗaya na tauna, na bi ta da kurɓa. Nan na kamo shi. Maiƙon naman ya kwance baurin, tsamin ya wanke maiƙon, yaji ya tashi tsaye. Kowanne shi kaɗai rigima ne, a haɗe kuwa sai ka ce tare aka haife su. Na ba Italiyawa maki bakwai cikin goma. Na cire ɗaya saboda totuwa, biyu saboda ba ta ƙosarwa.

Na dubi Injiniya, har yanzu yana durƙushe yana motsa baki, yana ƙoƙarin kwance harshensa ba tare da na lura ba.

"Baurin ne ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Ba ya sauka da kansa. Kuma ka sha da cikin da ba komai, kai da ba ka saba ba, yanzu falon nan zai fara juya maka. Karɓi wannan." Na miƙa masa tsoka. "Ba abinci ba ne, magani ne. Tambayi nas."

"Magani ne," in ji nas, fuskarta a ɗaure kamar a asibiti. "Kuma ba a shan sa sau ɗaya. Sai an bi da tuwo."

Ya karɓa, amma ya riƙe a hannu yana kallo. Na ga in na matsa fiye da haka zan karya abin da ba na so ya karye. Kunyar nan ba wauta ba ce, da ita uwarsa ta raine shi, kuma da ita yake riƙe min 'ya da mutunci. Sai na jawo kujerar da ke hagu da ni.

"Zo ka zauna nan. Idon wannan gefen ba a taɓa shi ba, ko giwa ce ta zauna ba zan gan ta ba. Ni zan fuskanci matarka in ci abincina. Abin da ke faruwa a hagu ba ruwana, ban gani ba, ba kuma za a kira ni shaida ba."

Na juya na kama tuwona. Can sai kujera ta yi 'yar ƙara. Can kuma na ji ana jan kwanon miya a hankali a kan tebur, kamar ɓera na gwada sa'a. Na ɗaga murya ina ba Auta labarin wani direban jirgi da ya taɓa mantawa da taragu a Kafanchan, labarin da ta ji ya fi a ƙirga, ita kuma ta yi ta tambaya kamar yau ta fara ji. Idonta yana kan gefen haguna, yana ƙyalli. Da ta tashi ƙaro tuwo, malmala biyu ta kawo, ba kuwa ni na nema ba.

"Baba," in ji ta tana zama, "maganar kujerar jirgin fa? In bar ta, ko in soke?"

"Wa zai tafi ya bar rabin kwalba? Soke. Ki gaya wa likita ya wasa wuƙarsa."

Sai na ji murya daga hagu, ƙasa-ƙasa, kuma da jin ta bakin ba fanko ba ne.

"Baba, to in an gyara wannan idon fa, ina zan zauna?"

"Wannan shari'ar wata rana ce, Injiniya. Turo min naman nan, na ji kamar yana ƙarewa ta wajenka."